Mai Dokar Barci

Na yi muku alkawarin wannan makon za mu duba tsadar kuɗin dakon kwantena, to amma wata 'yar tsohuwar takarda ta sha gabana, sai ku yi mini uzuri.

Duk wanda ya taɓa zuwa sari Guangzhou ya taka Huanshi Lu, ko da bai riƙe sunan ba. Shi ne titin nan da ya biyo ta gaban tsohuwar tashar jirgin ƙasa, ya ratsa Xiaobei ta gindin benen Tianxiu, ya miƙe gabas har Taojin. In ka tsaya a kan gadar masu ƙafa ta Xiaobei da magariba, kafin ka ƙirga ɗari za ka ji Hausa, ka ji Bambaranci, ka ji Larabci da Faransanci. A bayan wannan gada, cikin wani shagon taliya na Musulmin Lanzhou, nake haɗuwa da wani dattijo kusan kowace Laraba. Bahaushe ne Kirista daga wani ƙauye a yankin Malumfashi, sarin takalma yake yi. Ina ce masa Baba, shi kuma yana ce mini Malam, duk da ya san ko izu biyar ban riƙe ba.

Larabar da ta wuce yana laluben wani rasit a jakarsa sai takardar ta faɗo. Girmanta bai fi tafin hannu ba, ta yi jawur don tsufa, an like bayanta da salatif. Na ɗauka na duba. Takardar wa'azi ce da Hausa, bugun Jos, irin na zamanin 'yan mishan na SIM. A bangonta an zana hanya biyu: ɗaya faffaɗa, mutane cike suna rawa da ƙoƙon burkutu a hannu, ƙarshenta wuta tana ci bal-bal, ɗaya kuma 'yar siririya ta hau tudu, mutum uku ne kacal a kanta. Cikinta ba lallashi ba rarrashi, tsoratarwa ce daga shafin farko har na ƙarshe.

Na ce, "Baba, wannan ai ta girme ni."

Ya ce, "Ta mahaifina ce, Malam. Mai bishara ne. Da irinta yake cika jaka ya hau keke ya bi kasuwannin ƙauye. Ina yaro in na kalli wutar nan ba na iya barci."

Sai ya yi shiru, ya ture kwanon taliyar gefe, ya ba ni labarin da ya sa kwana biyu na ga ba ya cikin walwala. Shekara uku yana zuwa wata majami'a da ke taruwa ran Lahadi a ɗakin taro na wani ƙaramin otal a kan wannan titi namu. Ba zan faɗi sunan wurin ba, ba kuma zan faɗi ƙasar da faston ya fito ba, don ba ƙasarsu ce ta aike shi ba. Mutumin akwai baki, in ya kama wa'azin wuta sai ka ga manyan 'yan kasuwa suna hawaye. Dokokinsa kuwa ba sa ƙirguwa. Mace ba ta sa wando, ba ta sa 'yan kunne. Ba mai neman aure sai da izininsa. Duk kwantenar da ta tashi, a kawo zakkar ribarta. Akwai kuma wani asusu na musamman da ake tarawa don taimakon 'yan'uwa da aka tsare saboda biza. Wanda ya tambayi lissafi, ran Lahadi za a tsayar da shi a gaban jama'a a yi masa addu'ar fitar da ruhun tawaye. Wata yarinya ɗaliba ta sa wando a ƙarƙashin zane cikin sanyin Janairu, aka dakatar da ita wata shida.

Abin da ya fi ɗaure mutane ba wutar lahira ba ce. Faston ya san duk wanda bizarsa ta ƙare, domin a wurinsa ake zuwa a faɗi damuwa. Bai taɓa cewa zai kai ƙarar kowa ba. Sai dai a tsakiyar addu'a ya ambaci "ɗan'uwanmu da takardunsa suka mutu tun watan Maris," yana kallon sashen da mutumin yake zaune. Wanda ya zauna a ƙasar nan ya san nauyin wannan kallo.

Watan jiya aka tsare wani yaro, aka je neman kuɗin asusu, babu ko yuan ɗaya. Sun zama kaya, kayan sun hau ruwa da sunan fasto. Ana cikin wannan sai ga wata mata daga Foshan da goyo, tana neman uban ɗanta, alhali kowa ya san matarsa ta aure tana gida da 'ya'ya huɗu. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi.

Baba ya ɗaga takardar ya ce, "Abin da ke cikin nan shi mutumin nan yake faɗa, kalma da kalma. Amma mahaifina ya rasu da keke ɗaya da riga biyu."

Wannan magana ce ta hana ni rubuta batun kwantena, domin ta tuna mini cewa a wannan birni da muke zaune aka taɓa miƙa wa wani mutum 'yan takardun wa'azi da suka zama sanadin ɗaya daga cikin yaƙe-yaƙe mafi muni a tarihin duniya. Yawancinmu mun yi shekaru a nan ba mu taɓa jin labarin ba.

Wanda ya rubuta takardun sunansa Liang Fa, an haife shi a 1789. Sana'arsa sassaƙa haruffa a jikin katako don buga littafi. Ta nan ya haɗu da 'yan mishan na Birtaniya, Robert Morrison da William Milne, ya bi Milne zuwa Malaka, aka yi masa baftisma a 1816. A lokacin hukumar daular Qing ta haramta wannan addini. Da ya dawo gida ya buga wata takardar wa'azi, aka kama shi aka yi masa bulala aka ci shi tara, bai daina ba. A 1832 ya fitar da wasu ƙananan littattafai guda tara masu suna Quanshi Liangyan, wato kyawawan kalmomi don gargaɗin zamani. Ya cika su da ayoyin Littafi Mai Tsarki, da sukar gumaka, da bayanin azabar da ke jiran masu saɓo. Dabararsa ita ce ya tsaya inda ɗalibai suke taruwa don jarrabawar shiga aikin gwamnati ya yi ta raba musu kyauta. A 1834 hukuma ta taso masa, dole ya gudu ya bar ƙasar na wani lokaci.

Cikin waɗanda takardun suka faɗa hannunsu a shekarun nan na 1830 akwai wani saurayi, Hong Xiuquan, haifaffen 1814 a wani ƙauye da ke gundumar da yau ake kira Huadu. Wato in jirginka ya sauka a filin Baiyun, a maƙwabtan garinsu ka sauka. Ɗan manoma ne daga al'ummar Hakka, kuma ma'anar kalmar Hakka ita ce baƙi, mutanen da suka yi ƙaura daga wani wuri, 'yan gari suna yi musu kallon 'yan ci-rani. Danginsa sun ƙuntata wa kansu don ya yi karatu, da fatan ya ci jarrabawa ya fitar da su kunya. Ya karɓi takardun ya ɗan duba ya jefa a kan kanta. A 1837 ya faɗi jarrabawar karo na uku, aka ɗauko shi zuwa gida ba ya cikin hayyacinsa, ya yi kwanaki yana sambatu. A cikin wannan ciwo ya ga an kai shi sama, ya ga wani tsoho mai gemun zinariya ya ba shi takobi ya ce ya je ya kashe aljannu, ga kuma wani magidanci da yake kira yayansa. Ya warke ya koma koyarwa a ƙauye. A 1843 ya sake faɗuwa, karo na huɗu. A shekarar ce wani ɗan'uwansa ya ari takardun nan da suka yi ƙura, ya karanta, ya ce masa lallai ya duba su. Da Hong ya karanta sai ya ce ai ga fassarar mafarkinsa: tsohon nan Ubangiji ne, yayan nan Yesu ne, shi kuwa ƙanen Yesu ne da aka aiko ya tsarkake ƙasar Sin.

A 1847 ya dawo Guangzhou ya zauna kamar wata biyu a wurin wani ɗan mishan Ba'amurke, Issachar Roberts. Da ya nemi baftisma ya haɗa da tambayar abin da zai riƙa ci, Roberts ya yi zargin abin duniya ya kawo shi, ya ƙi yi masa. Hong ya wuce lardin Guangxi, inda abokinsa Feng Yunshan ya riga ya tara masa dubban mabiya cikin masu ƙona gawayi da masu haƙar ma'adinai da manoman da ba su da gona. A Janairun 1851, shekarar da Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya shiga Kano, suka ɗaga tuta a Jintian. Suka kira mulkinsu Taiping Tianguo, Daular Sama ta Babban Zaman Lafiya. A Maris na 1853 suka ci Nanjing suka mai da ita babban birninsu.

A yi adalci, ba banza talakawa suka bi shi ba. Mahukuntan Qing sun yi kaurin suna wajen cin hanci, Turawa sun cika ƙasar da ofiyam, ga yunwa ga 'yan fashi. Hong ya hana ofiyam da giya da taba da caca da karuwanci, ya hana ɗaure ƙafar 'yan mata, ya yi alkawarin za a raba gonaki daidai wa daida. Shi ya sa har yau hukumar ƙasar nan take lissafa shi cikin jagororin boren manoma, kuma an sassaƙa tashin Jintian a jikin hasumiyar tunawa da jarumai da ke dandalin Tiananmen.

To amma ku ji yadda aka yi da dokokin. Aka ce kowa ya kawo abin da ya mallaka baitulmali mai tsarki, wanda ya ɓoye azurfa ya shiga uku. Aka raba maza da mata, kowane jinsi da sansaninsa. Miji da matarsa ta aure ba su da ikon kwana ɗaki ɗaya har sai an gama yaƙi, waɗanda aka kama kuwa fille musu kai ake yi. Mutum zai tsaya a ƙofar sansanin mata ya gaisa da uwarsa daga nesa da ɗaga murya. Haka aka yi ta tafiya har 1855, da suka ga mutane suna ta gudu sannan suka sassauta. A daidai waɗannan shekaru shi Sarkin Sama yana cikin fadar da aka gina masa a Nanjing, fadar da mata ne zalla suke hidima a cikinta. Da aka kama ɗansa magajinsa bayan faɗuwar birnin, yaron da bai wuce shekara 15 ba, ya shaida wa masu tuhumarsa cewa iyayensa mata 88 ne, shi kansa kuma yana ɗan shekara tara aka ba shi mata huɗu. Sauran sarakunan da ke ƙarƙashin Hong kowa da nasa rabon gwargwadon muƙaminsa. Mutumin da ya ce duk 'yan Adam 'yan'uwan juna ne, mutum 64 ke ɗaukar karagarsa in zai fita, ga shi ma ba ya cika fita. Ya zauna ya rubuta waƙoƙi kusan 500, mafi yawansu kan ladabin da matan fada za su yi masa, har da jerin laifuffukan da ke jawo musu duka, ciki har da ɗaga ido a kalle shi.

Akwai wani abu da ya faru a ƙarshen 1853 da nake dariya in na tuna, ko da yake ba abin dariya ba ne. Babban kwamandansa, Yang Xiuqing, tsohon mai ƙona gawayi, ya saba faɗuwa kamar mai bori ya tashi ya ce Ubangiji ne ke magana da bakinsa, kuma Hong ya riga ya amince da haka a gaban jama'a tun suna Guangxi, lokacin da abin yake yi masa amfani. Ran nan sai "Ubangiji" ya sauka a kan Yang, ya tafi fada ya tuhumi Hong da gallaza wa mata, ya yanke masa bulala 40. Ƙanen Yesu ya rasa ta cewa, ya kwanta zai karɓa, sannan aka ce an yafe. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A 1856 rikicin ya fashe, aka kashe Yang da dubban mutanensa a cikin birnin, sannan Hong ya sa aka kashe wanda ya yi kisan. Roberts ma, malamin da ya ƙi yi masa baftisma, ya je Nanjing a 1860 da murnar ɗalibinsa ya kafa daular Kirista, a farkon 1862 ya sulale ya gudu yana cewa mutumin ba shi da hankali.

Da sojojin Zeng Guofan suka yi wa birnin ƙawanya abinci ya ƙare, Hong ya ce mutane su ci manna irin wadda aka saukar wa Bani Isra'ila, yana nufin ciyayin da ke tsirowa a fili. Wannan dai ya fara da kansa, ya ci, ya kwanta ciwo, ya mutu ran 1 ga Yunin 1864. Wata mai bi birnin ya faɗi. Masana tarihi suna ƙiyasta waɗanda suka mutu a wannan yaƙi, ta takobi da yunwa da annoba, da aƙalla mutum miliyan 20, fiye da ninki biyu na mutanen jihar Kano a ƙidayar 2006. Kuma ba Taiping kaɗai suka yi kisan ba, sojojin gwamnati ma sun share garuruwa.

Liang Fa fa? Yana nan Guangzhou yana wa'azi ga marasa lafiya a asibitin mishan, ya rasu a 1855 ba fada ba karaga, da tabon bulala a jikinsa. Takarda ɗaya ce, shi ya rubuta ta ya sha wahala a kanta, wani ya karanta ta ya sa ana dukan mutane.

Na ga wasu 'yan'uwana Musulmi sun fara gyara zama suna murmushi. Ku dakata, laifi tudu ne. Mu da muka taso da labarin Muhammadu Marwa Maitatsine ba mu da bakin yi wa kowa dariya. Mutumin da ya zauna a 'Yan Awaki yana tsine wa mai agogo da mai rediyo da mai keke, ya tara gardawa da 'yan ci-rani da birni ya ƙi karɓa, ya mai da unguwa daularsa, har a Disambar 1980 aka rasa rayuka sama da dubu huɗu a Kano, wutar kuma ta sake tashi a Bulunkutu a 1982 da Jimeta a 1984. Ni kaina akwai shekarar da kayana suka maƙale, bashi ya yi mini katutu, na wayi gari ba abin da nake saurare sai wani mai wa'azi a WhatsApp da ke kafirta duk wanda ya ajiye kuɗi a banki. Na kusa rufe asusuna. Daga baya na lura a ƙarshen kowane karatu lambar asusun banki yake karantowa don a tura gudummawa, har guda biyu. Amurka ma ta ga nata. Jimmy Swaggart ya yi kaca-kaca da Jim Bakker a 1987 kan abin kunyar da ya yi da wata mata, a Fabrairun 1988 sai ga shi shi ma a talabijin yana kuka, an kama shi da karuwa.

Abin da ya sa na ga ya dace mu da ke waje mu san labarin Hong shi ne, in ka cire ƙarshensa, farkonsa namu ne. Baƙo ne a inda yake zaune. Dangi sun zuba masa ido. Ya faɗi jarrabawa ya rasa da wace fuska zai koma gida. Ɗalibin da aka kora daga kwas ɗin likitanci a shekara ta uku bai faɗa wa mahaifinsa ba, da ɗan kasuwar da wani ya gudu da kuɗin mutane a hannunsa, da wanda bizarsa ta mutu yake kwana da takalmi a ƙafa, duk suna cikin halin da in aka miƙo musu takardar da ta ce duniya ce ta lalace, ku ne zaɓaɓɓu, za su riƙe ta da hannu biyu. A gida akwai kawu ko limamin unguwa ko dattijon ikkilisiya da ya san ka tun kana yaro, zai ce kai wane, dawo hankalinka. A nan babu. Kuma da yake dokar ƙasar nan ta hana baƙo yin wa'azi ga 'yan ƙasa ko raba musu takardun addini, yawancin tarukan ibadar baƙi a ɓoye ake yin su, ba rajista, ba kwamiti, ba wanda shugaba yake jin tsoron ya tambaye shi. In ya cuce ka ma ina za ka kai ƙara, kai da kake gudun ɗan sanda ya ga fasfonka?

Na tambayi Baba, shekara uku duk bai ga alama ba? Ya ce ya gani. Tun shekarar farko ya lura duk dokar da aka kafa a kan mata da yara da marasa kuɗi take sauka, ba a taɓa tsayar da mai kwantena biyar a gaban jama'a ba. Ya lura mutumin bai taɓa cewa "ban sani ba" ko "na yi kuskure" ba. Ya kuma lura ba wanda ya san inda yake kwana. Na ce to me ya hana ka magana? Ya ce, "Malam, in na bar wurin, ran Lahadi da wa zan yi waƙa?"

Ban sami amsar da zan ba shi ba. Yaron da aka tsare dai 'yan kasuwa ne suka yi karo-karo, Kirista da Musulmi, aka biya tara aka saya masa tikiti, ya sauka Legas makon jiya. Ɗalibar nan mai wando yanzu babban cocin dutse na titin Yide take zuwa, inda ake yin sujada da Turanci ran Lahadi. Baba kuwa su huɗu suke haɗuwa a ɗakinsa, kuma ya ce duk wanda ya kawo shawarar a buɗe asusu shi zai fara kora.

Da na ba shi labarin Hong ya ce lallai sai na kai shi Huadu ya ga gidan da mutumin ya tashi, tunda an mai da shi wurin tarihi. Mun sa ranar Asabar ta sama. Ya mai da takardar mahaifinsa cikin rigar fasfonsa, ya riga ni biyan kuɗin taliya, muka hau gada, shi ya yi wajen tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ni na yi Tianxiu.

Batun kwantena sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.